Tabo Arba'in da Ɗaya a Finafinan Kaka

A gidanmu ba a gama cin talotalon Ranar Godiya, bikin da muke yi duk Nuwamba, a watse. Da an kwashe kwanuka, Kawu Wendell zai hau kujera ya rataya farin zanin gado a bangon falo, a saki labulaye, Kakana Arvo ya kunna majigi. Tun ba a haife ni ba ake yin haka. Finafinan nasa ne, shi ya ɗauke su da wata 'yar kyamara da ya saya lokacin yana aikin lodin tama a tashar jiragen ruwa ta Duluth. Ba su da murya, don haka shi ne muryarsu, kuma maganarsa ba ta taɓa canjawa ba.

"Ga kakarku Helmi tana faɗa da kifi."

"To, ku lura da kyau, Wendell zai faɗa ruwa."

Sai Wendell ɗan shekara biyar ya faɗa ruwa, kowa ya tuntsire da dariya kamar yau aka fara gani.

Ina son Kaka, amma ban taɓa ɓoye cewa halin danginmu yana cin raina ba. Mu irin mutanen nan ne da idan rufi yana yoyo za su tara bokiti su ce ai ruwan ba shi da yawa. Komai ka taɓo, amsa ɗaya ce: a bar shi haka.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙwan majigin ya mutu, kuma an daina yin irinsa. Ni kuwa adana tsofaffin finafinai na karanta, a ma'ajiyar tarihi nake aiki a Minneapolis. Sai Mama ta loda faifai ashirin da biyu a kwali ta tura mini bayan mota.

"Kaisa, shekara shida kina karatun tsummokaran fim," in ji ta, "yau ga ranarki. Ki juye su a kwamfuta kafin Nuwamba, kada tsohon nan ya ishe mu da mita."

Kafin a juye tsohon fim, sai an bi zarensa da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, a duba ko ya tsage. A faifai na biyu yatsana ya ci karo da tudu. An yanke zaren, an sake haɗa shi da salatif, salatif ɗin har ya koma rawaya. Na ci gaba, na sake samun wani, da wani. Faifan Kaka minti uku-uku ne, kuma shi ba ya gyaran fim, abin da kyamara ta kama shi ke nan. Babu dalilin da zai sa a yanka a tsakiya. Na ƙirga tabo arba'in da ɗaya, dukkansu a faifan da aka ɗauka kafin 1967. Bayan wannan shekara babu ko ɗaya.

Na sa gilashin ƙara girma na riƙa duba hoton da ke gefen kowane tabo. A wani wuri na ga rabin kafaɗa. A wani na ga takalmin yarinya a bakin hoton. A wani kuma Kaka Helmi ta sunkuya tana miƙa cokali, amma babu bakin da za ta sa wa. Sai na tuna cewa duk inda hoto ya yi tsalle a jikin zanin gadon nan, a nan Kaka yake yin gyaran murya ya kurɓi kofi. Shekara ashirin da huɗu ina jin wannan gyaran murya, na ɗauka tsufa ne.

Na kira Mama.

"Fim ne ya tsufa," in ji ta. "Danshi ya ci shi."

"Danshi ba ya riƙe almakashi, Mama."

"Ke dai ki juye abin da aka ba ki. A bar shi haka."

Ranar Asabar na tuƙa mota awa biyu da rabi zuwa gidan Kaka, na ce masa na zo neman murafen faifai, na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A cikin akwatin ɗinkin marigayiya Kaka Helmi, ƙarƙashin tarin maɓallai, na sami gwangwanin alewa. A murfinsa an rubuta suna ɗaya da fensir: Sylvi. A ciki guntayen fim ne, an nannaɗe kowanne an ɗaure da zaren ɗinki.

Na ɗaga na farko a hasken taga. Yarinya ce mai farin gashi da gezar goshi, tana riƙe da hannun wata 'yar ƙarama tana koya mata tafiya. 'Yar ƙaramar na san ta, don na ga hotonta sau ɗari. Mahaifiyata ce.

Sai da na zauna a kan matakala.

Sauran bai ba ni wuya ba, bin takardu aikina ne. An haifi Sylvi Koskela a 1957. Sanƙarau ya kama ta tana wata goma, ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. A 1966, tana shekara tara, aka kai ta wata makarantar kwana ta irin yaran nan, da sa hannun mahaifinta. Na nemi takardar mutuwarta, ban samu ba, domin ba ta mutu ba. Da aka rufe makarantar an mai da Sylvi zuwa wani gida da ake kula da mutum huɗu, a wani ƙaramin gari, tafiyar minti hamsin daga teburin da muke cin talotalo kowace shekara.

Minti hamsin! Mun fi haka tafiya don sayen itacen Kirsimeti.

Ban gaya wa kowa ba, don na san amsar da zan samu. Na yi mako uku ina mai da kowane guntu gurbinsa a kwamfuta, ina duba inuwa da kalar riga don in gane inda aka ciro shi. Duk tsawon lokacin nan fuskar Kaka nake gani, yana zaune da almakashi yana yanke 'yarsa, sannan ya zo ya riƙa ba mu dariya da abin da ya rage.

Ranar Godiya ta zo da dusar ƙanƙara kaɗan. Mu biyar ne a teburi: Kaka, Kawu Wendell, Mama, Babana Curtis da ni. Ƙarfe biyu aka gama ci. Kawu ya hau kujera da zanin gado yana nishi.

"Kawu, bana kujerar ce ke kuka ko gwiwarka?"

"Ji mini 'yar boko. Ke dai Allah ya sa akwatin naki ya yi aiki. In bai yi ba, ke za mu tsayar a jikin bango ki yi mana wasan."

Kaka ya gyara zama, kofinsa a hannu, yana hararar ƙaramin majigin da na aro daga wurin aiki. "Wannan abu ko ƙara ba ya yi," in ji shi. "Injin da ba ya ƙara ban yarda da shi ba."

Na kunna.

"Ga kakarku Helmi tana faɗa da kifi," in ji Kaka. Aka yi dariya. Ya ɗaga kofi zai kurɓa, don nan ne wurin tsalle na farko. Hoton bai yi tsalle ba. Kyamara ta ci gaba da juyawa dama, sai ga yarinya mai gezar goshi tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ta rungume bokiti, tana dariya da dukan bakinta.

Kofin ya tsaya a iska, bai kai bakinsa ba.

"Wace ce wannan?" in ji Baba. "'Yar maƙwabta ce?"

Yarinyar ta sake fitowa tana hura kyandir. Ta fito a kan lilo. Ta fito ta goya Mama a baya, su biyun suka kife cikin ganye.

"Kaisa, kashe abin nan," in ji Kawu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Kada ki kashe," in ji Kaka.

Haka muka zauna har faifai uku suka wuce. Karo na farko ke nan da na kalli finafinan nan shiru, kuma sai a ranar na ga ashe rabin abin da ke cikinsu ita ake kallo. Duk murmushin da Kaka Helmi take yi wa gefen hoto, ita take yi wa.

Ni na tsayar da majigin. Na miƙe na tsaya a gaban zanin, hasken yana dukan fuskata. Na shirya maganata tun a mota.

"Sunanta Sylvi," na ce da Baba. "Yayar matarka ce. Ɗiyar wannan dattijon ce ta fari. Ya sa hannu aka ɗauke ta tana shekara tara, hakan bai ishe shi ba, ya dawo gida ya bi ta da almakashi wuri arba'in da ɗaya. Kaka, yaya ka iya? Kowace shekara kana zaune a nan kana ba mu labari, kana tsallake ta kamar rami a hanya!"

Kaka ya ajiye kofin a hankali.

"Sa hannu, ni na sa," in ji shi. "Likita ya ce a kai ta, fasto ya ce a kai ta, ni kuma na ɗauke ta a mota na kai ta. Wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa. Amma ke da kika yi karatun abin, kin duba yankan kuwa?"

"Na duba."

"A miƙe yake?"

A karkace yake, kowane ɗaya. Kuma salatif ɗin na naɗe kayan kyauta ne, ba na fim ba.

"Shekara talatin ina aiki da injuna," in ji shi. "Ina da abin yankan fim a ɗakin ƙasa, har yau yana cikin kwalinsa. Ni zan yanka abu a karkace in liƙe da wannan shirme?"

Na ga wannan da idona tun ranar farko. Da a wurin aiki ne, cikin minti biyar zan rubuta cewa wanda ya yi yankan bai san fim ba, kuma cikin sauri ya yi. Amma na riga na zaɓi mai laifi kafin in gama dubawa.

"Ni ce."

Mama ce ta yi magana. Tana zaune a ƙarshen doguwar kujera, tsumman goge kwanuka a cinyarta.

"Ni ce na yanke. Da almakashin ɗinkin Inna, ranar Talata, a 1981. Ranar Alhamis iyayenka za su zo cin abinci karo na farko, Curtis, kuma na san babana zai kunna majigi."

"Lorraine," in ji Baba. "Lorraine, me kike faɗa?"

"Ka manta mahaifiyarka? Ka manta abin da ta ce a kan yarinyar da ƙaninka ya so ya aura, don kawai tana da ɗan'uwa mai farfaɗiya? Cewa ta yi irin wannan a jini yake, ba za a kawo mata shi gida ba. A gabana ta faɗa, ina zuba mata shayi."

"Sanƙarau ne fa, Mama!" na ce. "Ciwo ne ya kama ta! Ina ruwan jini?"

"Je ki tone ta ki yi mata bayani. Shekarata ashirin da ɗaya, Kaisa. Ban yi karatun da kika yi ba."

"Shekara talatin da bakwai muna kwana ɗaki ɗaya," in ji Baba. "Na tambaye ki ku nawa ne a gidanku, kika ce ku biyu."

"Na ce mu biyu."

"Kai ma ka sani?" Ya juya wajen Kawu.

Kawu yana kallon takalminsa. "Ba a tambaye ni ba," in ji shi.

"Ba a tambaye ka ba!" Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Yayarka ce! Sai an tambaye ka?"

"Ni ma ban tambayi kowa ba," in ji Kaka. "Ranar Alhamis ɗin na zura zaren a majigi, yatsana ya ji tudu. Na kunna, na ga babu ita. Baƙi suna zaune. Na dubi Helmi, ta kau da kai. Sai na ci gaba da bayani." Ya shafa gwiwarsa. "Kafin nan duk Lahadi ina zuwa wurinta. Helmi ta ce in ɗan dakata har a gama biki, kada surukai su tambayi inda nake zuwa. Wata ɗaya muka ce. Bayan biki sai sanyi ya shigo. Da na yi waya, suka ce ta saba, zuwana yana tayar mata da hankali. Na ji daɗin jin haka, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga baya kunya ta hana ni. Yanzu ko inda aka binne ta ban sani ba."

Sai a lokacin na gane bai sani ba.

"Kaka, ba a binne ta ba. Tana nan da ranta. Minti hamsin daga nan."

Ya dube ni kamar da wani yare na yi magana. Sannan ya juya ya dubi Mama.

"Suna aiko da kati duk Kirsimeti," in ji Mama, muryarta can ƙasa. "Da sunan Inna yake zuwa. Tun da ta rasu ni nake karɓa."

Kaka ya dafa hannun kujera, ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe. Shekararsa tamanin da shida, an karɓe masa lasin tuƙi tun bara waccan.

"Wendell, miƙo mini rigar sanyina."

"Baba," in ji Kawu, "yau hutu ne. A bari a yi waya gobe, a shirya..."

"Kaisa, motarki da mai?"

Na riga na tayar da mota na sa Kaka a gaba sai ƙofar baya ta buɗe, Mama ta shigo ta zauna, ko jaka ba ta ɗauko ba. Baba yana tsaye a taga bai fito ba.

Gidan ƙarami ne, mai shuɗin fenti, da gangaren keken guragu a ƙofa. Mama ta ce ita a mota za ta jira. Wata mata mai suna Bonnie ta buɗe mana, da cokalin miya a hannunta. Da na gaya mata ko su wane ne mu, ta dube mu sama da ƙasa.

"Dangin Sylvi," in ji ta. "To. Shekarata goma sha tara a gidan nan." Ta matsa mana hanya.

Su huɗu ne a falo, kowa da farantin kek ɗin kabewa a cinya, suna kallon wani tsohon fim na rawa da waƙa a talabijin. Ban buƙaci a nuna mini ita ba. Gashin ya yi fari fat, amma har yanzu da gezar goshi. A hanya na shirya yadda zan durƙusa a gabanta in ce mata ni 'yar ƙanwarta ce, mun zo, ba za a sake mantawa da ita ba. Na je na durƙusa.

"Matsa," in ji ta. "Kin tare mini."

Na matsa. Ko sau ɗaya cikin makonnin nan ban tambayi kaina ko ita tana son ganinmu ba.

Kaka ya cire hularsa, ya tako har gefen kujerarta.

"Sylvi," in ji shi. "Sylvi, ni ne. Babanki ne."

Ta ɗago ta dube shi da kyau, daga sandarsa har zuwa sanƙonsa, ba tsoro ba fushi.

"A'a," in ji ta. "Babana dogo ne. Yana wurin jirgi. Ran Lahadi zai zo."

Ta mai da idonta kan talabijin.

Na juya wajen Bonnie. Ta ɗaga kafaɗa. "Duk wanda ya shigo haka take gaya masa," in ji ta a hankali. "Mai kawo wasiƙa ma ya sani."

Na zaci Kaka zai faɗi, har na kai hannu. Bai faɗi ba. Ya daɗe a tsaye yana murza hular, sannan ya ce da Bonnie, "Baiwar Allah, ran Lahadi ƙarfe nawa ake zuwa?"

"Bayan abincin rana. Amma bari in gaya maka gaskiya, dattijo. In sau ɗaya za ka zo, kada ka fara. Ni zan zauna da ita bayan ka tafi."

"Na ji."

Ta kawo masa kujera, ya zauna ɗan nesa da Sylvi. Ni na fita waje.

Mama ta fito daga mota tana tsaye cikin sanyi, ta rungume hannuwanta.

"Yaya take?"

"Shiga ki gani."

"Ta gane shi?"

"Ba ta gane shi ba. Ta ce babanta zai zo ran Lahadi."

Mama ta dafa murfin mota. Na bar ta ta ji zafin maganar, ban sassauta mata ba. Sannan na ce Kaka ya yi alkawarin zuwa duk Lahadi, kuma dole a cika.

"Ke za ki riƙa kawo shi?" in ji ta.

Na buɗe baki, sai na tuna jibi zan koma Minneapolis, kuma Lahadi biyu a wata ina aiki. Duk shirin da na yi na mako uku a jikin zanin gado ya ƙare. Ban yi tunanin ko kwana ɗaya bayan nan ba.

"Ba kowane mako ba," na ce.

"Na sani." Ta share hanci da bayan hannu. "Ni zan kawo shi. Amma ba zan shiga ba."

"Mama, a mota za ki riƙa zama? Cikin wannan sanyi?"

"A mota."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Kaisa. Ki ƙyale ni haka, ban sani ba."

Ta koma cikin motar, wannan karon a kujerar direba, ta ja ta gaba daidai tsawon ƙafarta, ta gyara madubi. Muka jira Kaka.